Kati Biyu a Aljihun Mai Fenti

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabon Baba Mai Fenti da tsoma buroshi a gwangwani, amma sunan ya ƙi sakinsa. A ƙaramin asibitin da yake aikin masinja, daga likita har mai gadi haka kowa yake kiransa, har da waɗanda ba su san dalili ba. Wata sabuwar nas ta taɓa tare shi a baranda ta nuna masa bangon ɗakin haihuwa da ya ɗaye, ta ce yaushe zai zo ya shafe. Ya tsaya da fayil a hammata yana kallon bangon, ya rasa ta inda zai fara yi mata bayani, sai kawai ya ce, "To, 'yata," ya wuce.

Shi ba fentin bango ya yi ba. Allunan shaguna yake rubutawa. Tun yana da shekara goma sha bakwai yake hawa tsani, gwangwani a hannun hagu, buroshi a dama, yana zana haruffa masu tsayin yaro ɗan yaye. Shagon aski, shagon ɗinki, wurin gyaran rediyo, bayan manyan motoci, babu inda hannunsa bai taɓa ba. Kuma tun a lokacin yana da hali guda: ba ya tambaya. Mai shago ya miƙo masa takarda, abin da ke jiki shi zai ɗora a allo, ko wasali ɗaya ba zai ƙara ba. A ganinsa magana ta mai shago ce, nasa hannu ne kawai. Da haka ya yi aure, da haka ya rene 'ya'ya biyar. Sai injinan buga rubutu a jikin leda suka shigo, aikin da yake kwana uku a kansa ya zama na rabin sa'a. Tsanin ya jingina a bango har gara ta fara cinsa. A ƙarshe wan matarsa ya samo masa aikin kai fayil daga ofis zuwa ɗakunan jinya, aikin da shi ma ba ya buƙatar tambaya.

Wata Alhamis da hantsi Akawu ya kira shi ofis, ya ce ya turo ƙofa.

"Baba, ka ji Sista Babba za ta bar mu?"

Bai ji ba. Sista Babba ita ce shugabar nas-nas, shekararta ashirin da shida a asibitin. Mace ce doguwa, marar yawan dariya, wadda ake jin ƙarar makullanta kafin a ganta, kowa ya gyara zama. Shi dai Mai Fenti yana ganin girmanta, don lokacin da aka kwantar da matarsa da hawan jini, ita ce ta zauna a bakin gadon bayan ta tashi daga aiki har jinin ya sauka.

"Ranar Litinin za mu yi mata ɗan taron sallama," in ji Akawu. "Likita ya ce a ba ta kati, amma ba na kanti ba, na hannu. Na ce ai muna da gwani a gida. Ga kwali, ga kala, ka yi mana abu mai kyau."

Ya tura masa faffaɗan kwali fari guda huɗu da fakitin alƙaluman kala. Mai Fenti ya karɓa, ya tsaya yana jira.

"Akwai wani abu ne, Baba?"

"Takardar, Malam Akawu."

"Wace takarda?"

"Ta abin da zan rubuta."

Akawu ya yi dariya. "Haba Baba, kai da ka rubuta wa rabin gari allo? Ka rubuta abin da ya dace kawai. Ƙarin girma ta samu, ina jin babban ofis za a kai ta. Ka yi mata barka." Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, ya yi wa Mai Fenti alama da hannu ya tafi.

To, barka ai ba wuya. Yana tafe a baranda yana auna kalmar a zuciyarsa, sai ya ci karo da Mai Shara, tsohuwar da ke goge ɗakunan jinya, wadda babu abin da ke faruwa a asibitin bai biyo ta kunnenta ba. Ta ga kwali, ta tambaya, ya gaya mata. Ta jingina sandar gugarta, ta riƙe haɓa.

"Barka? Wa ya ce maka barka? Yaya, matar nan ba ta da lafiya. Ni da idona na ganta shekaranjiya ta fito daga ɗakin Likita tana share ido. Mutum ya samu ƙarin girma ya yi kuka? Kar ka je ka yi wa marar lafiya barka, ka ja mana abin kunya."

Kan Mai Fenti ya fara ɗaurewa. Ya ce bari ya ji ta bakin Mai Magani, tunda tagarsa tana kallon ofishin Sista. Mai Magani ya duba hagu ya duba dama, ya sunkuyo ta tagar, ya rage murya.

"Ba ciwo, ba ƙarin girma. Saɓani suka samu da na sama, aka ce ta ajiye aiki cikin mutunci. Amma ban gaya maka ba."

"To me zan rubuta?"

"Ni magani na sani, Baba. Na gaba!"

Sau biyu a ranar ya kai fayil ofishin Sista Babba. Sau biyu ya tsaya a gaban teburinta bakinsa na motsi. Ta ɗago ta ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, ranki ya daɗe," ya fita da baya. A fuskarta bai ga ciwo ba, bai ga murna ba, bai ga fushi ba. Fuskar da ya saba gani ce kawai.

Ranar Asabar da la'asar ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ya jera kayan aiki: rula, fensir, almakashin ɗinkin matarsa, reza, gam. Ya ce a ransa a fara da aikin hannu, magana ta biyo baya. Sunanta dai ba a gardama a kansa. Ya shimfiɗa kwali na farko, ya ja layi biyu, ya zuba SISTA BABBA daga wannan gefe zuwa wancan, da ja, ya yi wa haruffan inuwa da baƙi. Hannun bai manta ba. Ya ja da baya yana kallo, har wani daɗi ya taso masa a ƙirji. Sannan ya tuna an ce kati ninke shi ake yi. Ya ninke. Sai ga SISTA ta koma baya, gaba kuma ya rage BABBA kaɗai, B ɗin farko ma ya karye a kan ninkin.

Matarsa da ke tsintar shinkafa a gefe ta leƙo. "Malam, wane Babba ne kuma?"

"Ke dai yi aikinki."

"Ai na ga kamar allon mahauta ne. Daga tsallaken titi za ta karanta?"

Ya ɗauki kwali na biyu. Wannan karon ya fara ninkewa, ya buɗe, ya ƙanƙanta rubutun ya zuba shi a ɓangare ɗaya, ya zagaye da ganye kore. Ya yi kyau ƙwarai. Da ya rufe, sai ya ga katin yana buɗewa ta inda ba a zata ba, rubutun kuma ya koma ƙeya. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. In ya sa rubutun a gaba, bakin katin ya koma hagu. In ya gyara bakin, rubutun ya tsaya da ka. Mutumin da ya rubuta allo mai tsawon taku ashirin a kan tsani, iska na kaɗa shi, yau ga takarda mai faɗin tafin hannu biyu ta sa shi gumi.

Ana haka Auta ta yi sallama. Ita ce ƙaramar 'yarsa, tana aure layi biyu da su, tana koyar da ajin ƙananan yara. Ta gaishe su, ta ga ɓarnar da ke kan tabarma, ta danne dariya don kunyar mahaifi, amma kafaɗunta suka tona ta.

"Baba, kawo in nuna maka. Da 'yan ajina muke yin wannan."

Ta durƙusa ta ɗauki kwali na uku. Ta auna tsakiya da rula, ta ɗiga alama sama da ƙasa. Ta ce kwali mai kauri ba a ninke shi da ƙarfi, fashewa yake yi. Sai an fara ja masa layi da bayan wuƙa, a hankali, ba a yanka ba. Ta ja, ta ninke, ta haɗa kusurwa da kusurwa, ta goge ninkin da bayan cokali har ya kwanta sumul.

"Yanzu ka ajiye shi kamar littafi, bakin yana dama. Wannan da kake gani shi ne gaba. Ka sa masa ɗigo da fensir kar ya sake ɓace maka. Suna da ado a gaba. Magana a ciki, ɓangaren dama. Baya ba a taɓa shi."

"Duk wannan filin a bar shi haka? Asara ke nan."

"Haka ake yi, Baba."

Ta nuna masa yadda ake yanka 'yan ganyaye daga kwalin da ya ɓata, a shafa musu kala, a liƙa su da gam kaɗan, su zama fure mai tasowa daga jikin takarda. Wannan ya burge shi. Ya karɓi reza, cikin minti kaɗan ya fitar da furen da ya fi nata tsari, har ta ce ita za ta zo koyo.

"To Baba, me za a rubuta a ciki?"

Nan ya ajiye rezar. Ya kwashe duk abin da ya ji ya gaya musu, na Akawu, na Mai Shara, na Mai Magani.

"Ka tambaye ta mana," in ji Auta.

"In tambayi Sista Babba ko korar ta aka yi?"

"To ka rubuta Allah ya sa alheri, shi ke nan. Ya shiga ko'ina."

Matarsa ta girgiza kai. "Matar da ta zauna a kaina har na farfaɗo, a sallame ta da abin da ake gaya wa mai tallan da ba a sayi kayansa ba? A'a. In murna ce a taya ta sosai, in damuwa ce a jajanta mata sosai."

"To wanne ne?" in ji Mai Fenti.

"Oho. Kai ke aiki a wurin."

Ya daɗe yana kallon kwalin da ya rage. Can dabara ta zo masa, har ya ji kamar an sauke masa kaya. Kwali biyu ne, to ya yi kati biyu. Ranar taro ai dole Likita ya yi jawabi, a jawabin gaskiya za ta fito, sai ya zaro wanda ya dace. Ya yi su iri ɗaya sak, fure ɗaya, suna ɗaya. A cikin na farko ya rubuta: "Barka da wannan ɗaukaka. Kin cancanta. Allah ya ƙara girma." Na biyun ya fi ba shi wahala, don dole ya ɗauki ciwo ya kuma ɗauki kora. Ya goge fensir ya fi sau biyar kafin ya tsaya a kan: "Sannu da wannan abu da ya same ki. Mun san ba haka kika so ba. Allah ya ba ki ƙarfin ɗauka." Tunda yake, wannan ne karo na farko da ya rubuta maganar da ba wani ya miƙo masa ba. Ya sa kowanne a ambulan fari, ya liƙe.

Ranar Litinin ya sa rigarsa mai aljihu biyu. Barka a dama, sannu a hagu. Yana tafe a hanya yana maimaitawa kamar mai hadda. A bakin ƙofar asibiti mai gadi ya ce ya nuna masa katin da ake ta magana, ya zaro su duka biyu ya nuna masa ambulan, ya mayar. Da hantsi zafi ya taso, ya ji tsoron gumi ya jiƙa su, ya ciro ya sa a cikin wani fayil, ya kai fayil ɗin ɗakin gwaji, ya tuna, ya koma da gudu ya karɓo, ya sake zuba su a aljihu.

Ƙarfe biyu aka taru a ɗakin jiran marasa lafiya. An jera benci, an kawo lemo da biskit. Sista Babba na zaune a gaba, hannayenta a haɗe a kan cinya. Likita ya miƙe ya yi ta yabo, ya kawo shekarun da ta yi, ya kawo jariran da aka haifa a hannunta. Mai Fenti ya kasa kunne kamar mai jiran hukunci. Sai can ƙarshe Likita ya ce an ɗaga ta zuwa babban ofis, za ta riƙa duba aikin nas-nas na asibitoci bakwai. Ɗaki ya ɗauki tafi. Akawu ya waiwayo ya kashe wa Mai Fenti ido. Mai Shara ta taɓe baki.

"Baba Mai Fenti, bismilla," in ji Likita.

Ya miƙe. Barka a dama. Ya sa hannu a aljihun dama, sai wani tunani ya faɗo masa: da ya ciro su daga fayil, ta yaya ya mayar? Ya taɓa na hagu, ya dawo na dama. Mutum talatin na kallonsa. Ambulan biyun kuwa ba su da maraba ko ta ɗigo. Ya ce a ransa abin da aka sa a dama ai yana dama, ya zaro, ya rusuna ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta yage bakin ambulan, ta ga furen, ta shafa shi da yatsa, ta yi ɗan murmushi. Ta buɗe ciki. Murmushin ya tsaya. Ta karanta, ta sake karantawa. Akawu ya ce a karanto wa jama'a, ta girgiza kai, ta rufe katin ta sa a jaka. Da ta ɗago idanunta sun kawo ruwa. Ta dubi Mai Fenti ta ce a hankali, "Baba, kai kaɗai ka gane."

Ya ce, "Ranki ya daɗe," ya koma ya zauna. Me ya gane? Barka ai kowa ya yi mata, tun safe ake yi. Ya sha lemonsa bai ji ɗanɗanonsa ba. Da aka watse ya zagaya bayan ɗakin wanki, ya zaro ambulan ɗin da ya rage, ya farke. Ga shi nan da jan alƙalami, da kyakkyawan rubutunsa: Barka da wannan ɗaukaka.

Ya jingina da bango. Ya jajanta wa mace ƙarin girma, a gaban Likita, da sunan ma'aikata duka.

A gida matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ga fuskarsa ta daina.

"Amma ka ce ta ce ka gane?"

"Haka ta ce."

"To ko baƙar magana ta gaya maka?"

Wannan bai zo masa ba sai da ta faɗa. Abincin ma kasa ci ya yi.

Washegari da sassafe ya nufi ofishinta da katin barka a hannu. Ya same ta ita kaɗai tana zuba littattafai a kwali. Ya gaishe ta, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Ranki ya daɗe, na zo ne a kan katin jiya."

"Shigo, Baba. Tashi, zauna a kujera." Ta tura ƙofa. "Ni ma ina son in tambaye ka. Wa ya gaya maka?"

"Ya gaya mini me?"

Ta miƙo hannunta na dama, ta buɗe yatsun a iska. Ya ga hannun yana rawa, 'yar rawa ƙarama marar tsayawa, kamar ganye a kan ruwa. Ta damƙe shi da na hagu ta mayar kan cinya.

"Wata takwas ke nan. Ranar da na kasa samun jijiyar wani jariri, na kai kaina wurin Likita. Ya kyauta mini, ya nema mini kujerar ofis maimakon a sallame ni. Girma ne, ban ce ba girma ba ne. Amma ni allura na sani da gado da mutane. Can takarda ce daga safe har yamma. Tun makon jiya kowa barka, barka, ina ta amsawa, har na fara ganin ko ni ce marar godiya."

Mai Fenti ya dubi katin da ke hannunsa. Ashe Akawu ya yi gaskiya, Mai Shara ma ta yi gaskiya. Ya ji ya kamata ya yi shiru ya karɓi yabon, amma bakinsa ya riga shi.

"Ranki ya daɗe, ni ban gane komai ba. Biyu na yi, don ban san wanne ba ne. Wannan na so in ba ki, aljihu ya rikice mini."

Ya miƙa mata. Ta buɗe ta karanta. Ta dube shi, ta dubi katin, sai ta fashe da dariya, irin dariyar da a shekara goma sha ɗaya bai taɓa jin ta yi ba, har ta dafa tebur. Shi kuwa ya zauna tsuru, bai san ko ya taya ta ba ko ya ba da haƙuri.

"To amma wa ya ba ka maganar da ke cikin na jiyan?" ta tambaya tana share ido.

"Ba kowa. Ni na haɗa."

"To ai shi ke nan." Ta ɗora na barkan a saman littattafai. "Wannan zan ajiye a teburin sabon ofis, masu shigowa su gani. Wancan yana jakata. Maganar hannun nan kuma ta tsaya a ɗakin nan."

"Ta tsaya, ranki ya daɗe."

Shi ya ɗaukar mata kwalin littattafan har bakin mota. Ta ce ya gaida matarsa, ya tuna mata ta riƙa shan maganin hawan jininta a kan lokaci. Motar ta fita, mai gadi ya ja ƙofa.

Yana juyowa ya tarar da Mai Shara da Mai Magani sun tsaya a baranda suna jiransa.

"Yaya, kun daɗe a ciki," in ji Mai Shara. "Me ta ce? Ciwon ne ko?"

"Korar ce dai aka rufe da ƙarin girma," in ji Mai Magani.

Mai Fenti ya sosa ƙeya. Ya ce ta ce furen ya yi kyau. Daga can ofis Akawu ya ƙwala masa kira, fayil ɗin ɗakin haihuwa ake nema tun ɗazu, ya ce musu yana zuwa, ya wuce da sauri.